Layin da Na Ja Ina Jiran Baba

Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba, kuma har yau in na haɗa shayin safe kofi uku nake jerawa kafin in tuna in mayar da ɗaya. Ku sa shi a addu'a kafin ku ci gaba da karatu. Abin da zan ba ku yau cikin kwana huɗu ya faru, kuma da ka nake kawo shi, saboda haka in na haɗa Talata da Laraba ku yi mini uzuri.

Ga wanda bai san gidanmu ba, Babana marubucin labarai ne. Littattafansa ƙanana ne masu bango mai laushi, amma da wuya ka shiga makaranta a yankinmu ba ka tarar da ɗaya ba. Ɗakinsa yana bakin titi, ƙofa ɗaya tana kallon waje, ɗaya tana kallon tsakar gida. A ciki akwai tebur mai gajeriyar ƙafa da muka tokare da kwali, da kujera mai shuɗin matashi, da rediyon da ba ya kama tasha sai an riƙe masa eriya. A ƙarƙashin taga kuma akwai akwatin ƙarfe cike da littattafan rubutu ashirin da shida. Makullin akwatin yana wuyana a jikin zare.

Yanzu ga abin da mutanen waje ba su sani ba. Duk littattafan nan ashirin da shida rubutun hannuna ne. Waɗanda Baba ya rubuta da kansa gara ta cinye su tun a tsohon gidanmu. Shekara tara da suka wuce ciwo ya kwantar da shi, ya tashi, amma hannunsa na dama ya kama rawa, ko cokali sai ya yi da gaske yake kai shi baki. Ni kuwa a lokacin ina zaune a gida, don a aji biyar na tsaya, jinyarsa ta cinye mini shekara guda ban koma ba. Wata safiya ya miƙo mini biro ya ce, "Sakatariya, zauna." Daga ranar shi ke faɗa, ni ke rubutawa. Bai so kowa ya sani ba. In baƙi suka zo sai ya cusa hannun a aljihu, ya soke biro a gaban riga, ni kuma in fita in kawo ruwa.

Bayan rasuwarsa da 'yan makonni Baffa, ƙaninsa, ya zo da magini suka auna ɗakin. Wai za a faɗaɗa ƙofar waje a mayar da shi shago, tunda littattafai ba sa cin abinci kuma ba sa ba da shi. Umma ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ana cikin haka sai ga takarda daga wani kwamiti. Suna shirya wa baƙi masu yawon buɗe ido zagayen gidajen marubutan yankinmu, gida bakwai, da mota ta musamman da alluna a bakin hanya. In gidanmu ya shiga, ɗakin Baba zai zauna yadda yake. Nan take Baffa ya sallami magini, ya sauya hula, ya zama mai kishin adabi. Da suka kawo takardar shaida cewa littattafan akwatin rubutun hannun marigayi ne, ina tsaye ya sa hannu, ko ɗaga ido bai yi ya dube ni ba.

Ta wannan hanyar Mai Zane ya shigo rayuwata. Shi kwamitin ya ba aikin tambarin shirin, wato 'yar alamar da za a buga a jikin alluna da mota da riguna. Dogo ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya, aljihun rigarsa kullum da tabon tawada. Ranar farko, ba wanda ya ce masa komai, ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin Baba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya taɓa ko takarda ɗaya. Ni dai tun daga nan na san akwai magana.

Da farko ya zana musu littafi a buɗe da alƙalami, suka ce kowace makarantar firamare haka tambarinta yake. Ya zana fitila, suka ce sai ka ce kamfanin wuta. Shi ne ya ce bari ya nemo abin a cikin rubutun marubutan da kansu. Ya zagaya gida bakwai, amma a namu ya liƙe. Wata biyu yana zuwa, sau uku a mako. Ya shimfiɗa wata takarda shara-shara a kan shafi yana bin haruffa da fensir, ni ina gefe ina zuba masa shayi. Mai Makulli yake ce mini. Yakan ce bai taɓa ganin hannu mai haƙuri irin na tsohon nan ba, wai kowane harafi a zaune yake kamar an ba shi tabarma. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in gyara mayafi. Ku da kuke karantawa, ku faɗa mini, wace mace ce za a yabi abinta a gabanta wata biyu ta kasa cewa nawa ne? To ni ce. Akwai ranar da ya ce in rubuta masa sunayen littattafan a takarda, na ce yatsana ke ciwo, na tura masa ta waya.

Saƙonninsa ma ba irin na samarin yanzu ba ne. Da hantsi zai turo: "Mai Makulli, kin karya ko kina gadin akwati?" In na ce na karya, sai ya ce in turo shaida. Na taɓa tura masa hoton kofi babu komai a ciki, ya amsa da cewa kofin ya fi shi sa'a. Ƙarshenta dai ya gaida Umma a tsakar gida, yana durƙushe yana murza hula, ya ce in an yarda manyansa za su zo ranar Asabar. Umma ta ce Allah ya kai mu. Da ya fita ta dube ni ta ce, "Wannan dogon, in ya shigo ɗakina sai ya sunkuya." Rabon da in ji ta yi wasa tun Baba na da rai.

Ranar Litinin ɗin makon ya zo da kwamfutarsa a jaka, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Ina sanye da doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, ina goge tebur. Ya ce in zauna, ya buɗe, ya juyo mini da ita.

Kafin in faɗa muku abin da na gani, sai kun san yadda muke aiki da Baba. Yana cikin faɗa sai ya tsaya a tsakiyar magana, ya rufe ido yana neman abin da zai biyo. In na ajiye biro ya ji ƙararsa, sai ya ce na kore masa tunani. In na dube shi, ya ce idona na yi masa nauyi. Sai na koyi barin bakin biron a kan takarda, ina jansa a hankali daga harafin ƙarshe, ina lanƙwasa shi, har ya dawo. In shirun gajere ne, layin ya zama gajere. In ya daɗe, layin ya yi tsawo. A shekararsa ta ƙarshe da numfashi ya fara yi masa wuya, layukan suka riƙa tsawo.

Shafin ƙarshe ranar Alhamis muka yi shi, wajen ƙarfe goma na safe. Ya ce, "Da matar ta buɗe ƙofa sai ta ga," ya yi shiru. Na ja layi har bakin takarda. Bai dawo ba, na karyo shi ƙasa na komo hagu. Na sake karyowa. Sau uku ina ratsa shafin, kaina a sunkuye, don na san ba ya son kallo. Da na gaji na ɗaga ido, haɓarsa na kan ƙirjinsa.

Wannan layin ne a fuskar kwamfutar. Ya wanke shi, ya yi masa launin ƙasa, ya mayar da shi hanya mai lanƙwasa biyu, a ƙarshenta ya ɗora 'yar ƙofa a buɗe. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Kyansa ma shi ya fi ba ni tsoro.

"Duba nan," in ji shi, yana bin layin da yatsa. "Mutum ne ya ji tafiya ta zo, ya zana wa kansa hanya da hannunsa."

Ya ce da safiyar nan ya nuna wa kwamiti, ya ba su labarin shafin ƙarshe, har Shugabarsu ta cire gilashi ta share ido. Sun amince baki ɗaya. Ranar Alhamis da azahar zai tura wa masu bugawa. Na ce masa na bar tukunya a wuta. Babu wata tukunya. Bayan ɗakin girki na je na tsuguna, na toshe bakina da mayafi.

Washegari Baffa ya zo, na same su shi da Umma na faɗa musu ba zan iya ba. Baffa ya ajiye kofinsa ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ya ce wato ni da ko aji shida ban gani ba zan je gaban masu digiri in ce ni na rubuta. Ya ce ba za su tsaya a rubutu ba, cewa za su yi to labaran ma wa ya san mai su, a zubar da sunan yayansa a banza. Ya ce in suka cire gidan daga shirin, lambar magini tana nan a wayarsa, kada in zo ina yi masa kuka. Da ya ga hawaye sai ya sauko, ya ce haba Sakatariya, layi ne fa kawai, layi ba ya magana.

"Ki bari a ɗaura aure tukuna," in ji shi. "In kin shiga ɗakinki ki faɗa masa har abin da bai tambaya ba."

Umma tana ta ninkin kaya har ya tafi. Sai da ta gama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Babanki ne ya ce a ɓoye, don kunya yake ji. Yanzu ba ya jin kunyar kowa." Na ɗauka ta ba ni hanya ke nan. Sai kuma ta ƙara da cewa ita dai ɗakin nan ne kaɗai inda take zama da rana ta ji kamar fita ya yi zai dawo. Ta ɗauki kayanta ta shige. Ta bar ni da magana biyu, kowace tana ja ta nata gefen.

Ranar Laraba da la'asar saƙonsa ya shigo. Hoton farar riga ce da tambarin a ƙirji. A ƙasa ya rubuta: "Ta farko da za ta fito taki ce. Ta biyu ta Umma, in za ta sa." Na daɗe ina kallon hoton. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma, shi ne wannan: tun ranar nan nake tambayar kaina, da a lanƙwasa ta farko na ɗaga kai, da na kira mutane, da an kai shi asibiti? Ga shi yanzu za a ɗauki daidai wannan lokacin a liƙa a jikin mota, baƙi su sa a ƙirji su yi hoto suna dariya. Kuma mutumin da zai aure ni shi zai riƙa nuna shi yana alfahari, yana ba da labarin da ba haka yake ba, ni ina gefe ina gyara mayafi har tsufa.

Na rubuta masa "Ya yi kyau," na goge. Na rubuta "Akwai magana," na goge. Ya ga alamar ina rubutu, ya turo: "Mai Makulli, wasiƙa kike haɗa mini?" Na kife wayar.

Alhamis da safe na yi wanka na sa atamfata mai ganye-ganye, wadda Baba ke cewa na yi kama da gonar alayyafo, na yafa baƙin mayafi. Umma na shara ta ga na ɗauki jaka. Ba ta tambaye ni ina za ni ba, cewa kawai ta yi in bi gefen inuwa.

Shagonsa yana saman wani bene, ana hawa ta matakala mai duhu. Ɗaki ɗaya ne, fanka tana juyawa tana ƙara, bango duk zane-zanen da aka ƙi karɓa, ga littafin nan da alƙalami, ga fitilar. Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna na shiga. Ya miƙe da murna har ya ture kofin fensira, ya share mini kujera da hannun riga, ya ce yau shagonsa ya yi baƙuwar da ta fi ƙarfinsa. Tambarin na nan a fuskar kwamfuta, ya cika ta.

Na ce ya ba ni takarda da biro. Ya miƙo yana dariya, wai yatsan ya warke ke nan. Na zauna na rubuta rabin maganar nan ta Baba, na ja layin daga harafin ƙarshe har bakin takarda, na karyo shi. Ban kai lanƙwasa ta biyu ba dariyar ta ɗauke. Mutumin da ya yi wata biyu yana bin hannun nan da fensir ba ya bukatar a yi masa bayani. Duk da haka na yi. Na faɗa masa ciwon hannun, da biron gaban riga, da garar da ta ci na farkon, da abin da layin yake. Har haɓar Baba a kan ƙirjinsa sai da na faɗa masa.

Ya cire gilashi ya riƙe a hannu. 

"Wata biyu," in ji shi a hankali. "Ina yabon hannun nan a gabanki, kina zuba mini shayi."

Na ce haka ne.

"Na tsaya gaban mutane goma sha biyu na ba su labarin da babu shi."

Na ce laifina ne. Na ce da a lanƙwasa ta farko na ɗaga kai, da duk wannan bai taso ba, watakila da yana nan da ransa. Ban san na faɗe shi a fili ba sai da na ji shi a kunnena. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Ni ba likita ba ne, ba zan ce miki ga abin da zai faru ba," in ji shi. "Amma jiransa kike yi, yadda ya koya miki. Wannan kam na gani a layin tun ban san mai shi ba."

Na yi kuka a shagon mutane, har da majina, ya miƙo mini tsumman goge kwamfuta don shi ne kusa.

Da na natsu ya ce ba zai tura ba. Ba zai tura da labarin ƙarya ba, kuma ko da na gaskiya ne, layin nawa ne, sai in na ce a buga. Na tambaye shi in kwamiti suka ji, za su cire gidanmu? Ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Maganar Asabar bai tayar ba, ni ma ban tayar ba. Ya ɗauki waya ya kira Shugaba, ya buɗe murya, ya ajiye ta a tebur tsakaninmu.

Tsohuwar shugabar makaranta ce, muryarta irin mai sa mutum ya gyara zama. Ko sallama ba ta gama amsawa ba ta ce, "An tura?"

Ya dube ni. Bai turo mini wayar ba, bai kuma janye ta ba. Na matso da kujera.

"Hajiya, ina wuni. 'Yar marigayi ce, mai riƙe da makulli. Littattafan da ke akwatin nan ba hannun Baba ba ne. Shi ya faɗa, ni na rubuta."

Sai ta jefo mini tambaya.

"Guda nawa daga ciki?"

"Duka."

Ta tambayi shekara nawa, na ce tara. Ta tambayi ajin da na tsaya, na faɗa mata. Na ji ta ja numfashi, amma ban gane na fushi ne ko na wani abu ba. Sai ta ce ƙarfe huɗu kwamiti zai zauna, in zo da akwatin gaba ɗaya, kuma in zo da wanda ya sa hannu a takardar shaida. Ta kashe.

Mai Zane ya rufe kwamfuta, ya kulle shago, ya ce zai raka ni. Muka kama hanya. Yana gefen titi ina gefen inuwa, tsakaninmu kamar mutum ɗaya zai wuce. Da muka karyo kwanar gidanmu na hango takalmin Baffa a ƙofar ɗakin Baba, na jiyo muryarsa a ciki yana waya, yana gaya wa wani ranar da za a kafa allo.

Mai Zane ya sunkuya zai kwance takalmi, na ce ya bari.

"Wannan ta cikin gida ce. Ni zan faɗa masa."

Ya miƙe ya koma jikin bango, ya sa hannu a aljihu. Ban tambaye shi ko zai jira ba, shi ma bai ce zai jira ba. Na gyara mayafina, na yi sallama na shiga.